Tattalin Gida Lokacin Ƙarin Ɗaki

Yara in sun kai shekara 10, addini ya umarce mu da raba musu makwanci. To, ga maigida ya ɗauko ƙarin ɗaki, ke kuma mene ne naki? Ki sani, gini da yawa ba a hannun magini yake tsayawa ba, a bakin murhu yake tsayawa.

1. Ku zauna da maigida ku ware kuɗin cefane daban, na gini daban. In kika ɗebi adashe, ki ba da abin da ya sawwaƙa, amma kar a ci bashi don kwalliya.

2. Ki sayi gero da masara da kaka, lokacin araha. Tumatir in ya yi yawa a kasuwa, ki yanka ki shanya.

3. Ki auna girki daidai bakin mutanen gida. Ragowar tuwon dare ya zama ɗumamen safe. Allah Ya hana almubazzaranci a Suratul A'araf, aya ta 31.

4. Ki sa ido a kan kayan aiki. Buhun siminti mai kilo 50 in ya sha danshi daskarewa yake yi, kuɗi sun tafi. A ɗora shi kan katako, nesa da bango. Sabon bulo kuma a riƙa ba shi ruwa kamar kwana 7. Guntayen katako kuwa, ai makamashi kika samu.

Ki yi haƙuri da ƙura da taƙaita nama, na ɗan lokaci ne. Allah Ya sa mu shiga da lafiya, amin.