Jirgin Gwangwani Mai Tururi: Matakin Kammala Ƙira da Amfaninsa ga Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

A nazarin wasannin yara an fi mayar da hankali ga wasannin da ke tafe da waƙa, irin su gaɗa da tashe da sauran wasannin dandali. Akwai kuwa wani rukuni da ba a cika kulawa da shi ba, wato ƙere-ƙeren yara, kamar motar kara da motar langalanga da keken waya da jirgin ruwa na totuwa ko na gwangwani. Wannan darasi zai ɗauki jirgin gwangwani wanda tururi ke turawa, kuma zai fi tsayawa a kan matakinsa na ƙarshe, wato kammalawa. Dalili shi ne, a wannan mataki ne ake sanin ko ƙira ta yi ko ba ta yi ba, kuma a nan ne bakin yaro ya fi buɗewa. An ɗauki ƙasar Faskari da maƙwabtanta, Ƙanƙara da Sabuwa, a matsayin fagen misali.

2.0 Muhalli da Lokaci

Wannan yanki na kudancin Jihar Katsina ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga. Babu kogin da manyan jirage ke bi. Ruwan da yaro ya saba da shi shi ne na rafi da kududdufi, sai kuma madatsar ruwa irin ta Mairuwa. Duk da haka, da zarar an yanke dawa kara ya bushe, yara kan fere shi su fitar da totuwa, su soke ta da ɓawon karan, su ƙera abin da suka ga dama, har da jirgin da ba su taɓa shiga ba. Lokacin wannan wasa gajere ne. Da damina akwai ruwa amma kara ɗanye ne, da bazara kuwa akwai kara amma kududdufi ya ƙafe. Saboda haka tsakanin kaka da farkon hunturu ne abubuwan biyu ke haɗuwa.

Jirgin totuwa iska ke kaɗa shi, na gwangwanin kifi kuma da zare ake jan sa. Sanya wa jirgin gwangwani injin tururi shi ne mataki na gaba, kuma shi ake son ɗalibin malanta ya iya haɗawa da hannunsa kafin ya fita aikin gwajin koyarwa.

3.0 Jirgin Tururi a Tarihi

Kada a ɗauka jirgin tururi baƙo ne ga tarihin harshen Hausa. A shekarar 1832 Macgregor Laird da Richard Lander suka shigo kogin Kwara daga teku da jiragen tururi guda biyu da aka ƙera a Ingila. Sunan ɗaya Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, wato kalmar nan tamu ta "albarka" kamar yadda kunnen Bature ya ji ta. A 1841 wani ayarin jiragen tururi ya sake biyo kogin, a cikinsa akwai J. F. Schön, wanda ya fitar da littafinsa na farko a kan kalmomin Hausa da nahawunta a 1843. Ke nan ɗalibin Hausa yana da haƙƙi a kan wannan jirgi fiye da yadda yake zato.

Shi kuwa ƙaramin jirgin wasa mai tururi, wani Bafaranshe mai suna Thomas Piot ne ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila a 1891. A 1898 kuma Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka wani ƙaramin jirgin ruwa da yake sarrafawa daga nesa da igiyar rediyo. A yau akwai masu sha'awa, musamman a Turai da Amurka, da ke haɗa dabarun biyu: su ƙera ɗan jirgi mai tukunyar jan ƙarfe da injin tururi na gaske, su riƙa juya shi da rimot daga bakin tafki. Irin wannan aiki kan ci watanni, kuma ya fi ƙarfin aljihun makarantar firamare. Abin lura shi ne, matsalolin da suke fuskanta a ƙarshen aiki, wato yoyo da karkata da rinjayen nauyi, su ne dai yaron Faskari zai fuskanta a bakin baho.

4.0 Yadda Injin Yake Aiki

Kayan aikin ba su da yawa: gwangwanin kifi, da siririn bututun jan ƙarfe mai faɗin kimanin milimita 3, irin wanda ake samu wurin masu gyaran firij, da guntun kyandir. Ana naɗe tsakiyar bututun sau biyu a jikin sanda, sannan a zura bakunansa biyu ta bayan jirgin yadda za su nutse cikin ruwa. Ana ɗura wa bututun ruwa da sirinji, a kunna kyandir a ƙarƙashin naɗin.

Idan ruwa ya tafasa ya zama tururi, yakan nemi wurin da ya ninka na da kusan sau 1,700. Don haka ɗan ruwan da ke cikin naɗin na tafasa, sai tururinsa ya ingiza sauran ruwan ya fita ta baya da ƙarfi, jirgi kuma ya zabura gaba. Tururin na isa ɓangaren bututu mai sanyi sai ya koma ruwa, wurin ya zama wayam, ruwan baho ya sake kutsowa ciki, a koma farko. Yaro mai kaifin hankali zai tambaya: tun da ruwan da ya fita shi ne ke dawowa, me ya sa jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya? Amsa ita ce, ruwan da ya fita ya tafi ke nan da ƙarfinsa. Wanda ya shigo kuwa, duk ɗan jan da ya yi wa jirgin baya yakan rama shi sa'ad da ya tsaya cak a cikin bututun. Malamin da bai shirya wa wannan tambaya ba zai ji kunya a gaban aji.

5.0 Matakin Kammalawa

A ganin marubucin wannan darasi, haɗa jirgi rabin aiki ne kawai. Yawancin jiragen da ɗalibai ke kawowa suna da kyan gani a bisa tebur, sai an ɗora su a ruwa asirinsu ke tonuwa.

Abu na farko shi ne kalmashe bakin gwangwani da filaya, domin kaifinsa yana yanka kamar reza. Malami ne zai yi wannan, ba yara ba. Daga nan sai toshe ƙofofin da bututu ya bi. Kakin zuma ko kwalta kan yi aiki a jirgin da babu wuta, amma a nan zafi na iya narkar da su. Abin da ya fi shi ne a kai wa masu liƙin gwangwani, waɗanda ke ƙera mazurari da fitilar aci-balbal a kasuwa, su ɗiga dalma. Idan hakan bai samu ba, a yi amfani da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake cuɗawa. Kai yara wurin mai liƙi darasi ne shi ma, don za su ji sunayen kayan aiki daga bakin mai sana'a.

Sai gwajin yoyo. A ɗora jirgin a baho ba tare da wuta ba, a shimfiɗa busasshiyar takarda a cikinsa, a bar shi na ɗan lokaci. Idan takarda ta jiƙe, akwai sauran aiki. Wannan ne gwajin da yara suka fi ƙi, saboda ɗokin ganin wuta, kuma shi ne wanda bai kamata a tsallake ba.

Daidaita nauyi shi ya fi buƙatar natsuwa. Naɗin bututu da kyandir suna sa saman jirgi ya yi nauyi, kuma duk abin da nauyinsa ke sama kifewa yake nema. Maganinsa a gajarta kyandir, a jera 'yan tsakuwa a ƙasan jirgin, ɗaya bayan ɗaya, ana dubawa. Idan gaba ya yi nauyi, bakunan bututu za su fito daga ruwa su shaƙi iska, inji ya mutu. Idan baya ya yi nauyi, ruwa zai haura. Ana so jirgin ya zauna daram, bayansa ya ɗan fi gabansa nutsewa. Wata rana marubucin ya je duba wani ɗalibi mai gwajin koyarwa a wata makarantar wannan yanki, ya tarar jirgin ajin yana ta karkata hagu, ɗalibin kuma yana ta ƙara masa tsakuwa a dama har ya kusa nutsewa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba dutse yake so ba, kyandir ɗin ne bai zauna tsakiya ba." Aka gyara zaman kyandir, aka kwashe rabin tsakuwar, jirgi ya miƙe. Ɗalibin ya samu maki mai kyau a ranar, ba don jirginsa ba, sai don ya saurare ta, ya kuma sa ta maimaita bayanin ga 'yan ajin.

Bayan haka sai wutsiya, wato ɗan fallen gwangwani da ake maƙalawa a baya. Idan aka ɗan lanƙwasa ta, jirgi zai riƙa kewaya baho maimakon ya je ya tokari gefe. Aikin da rimot ke yi a jiragen masu kuɗi ke nan, sai dai su suna iya sauya lanƙwasar jirgi na tafiya. A tuna kuma cewa lokacin wasan lokacin hunturu ne, iska za ta kashe kyandir idan ba a yi masa 'yar garkuwa ba.

Fenti da raɗin suna su ne na ƙarshe. Fenti yakan rufe ƙananan ƙofofi ya ruɗi mai dubawa, sannan yakan ƙone idan ya kusanci wuta. Suna kuwa a bar wa yara su zaɓa, su kawo hujja, su rubuta shi a jikin jirgin bisa ƙa'idar rubutu, da ƙugiya a inda ake sa ƙugiya. A nan ne labarin Alburkah zai yi amfani.

Akwai hani guda biyu da babu sassauci a cikinsu. Kada a taɓa ɗora rufaffen gwangwani mai ruwa a kan wuta da sunan yin tukunyar jirgi, domin tururin da bai samu mafita ba fasa gwangwanin zai yi; injin da aka bayyana a sama ba shi da wannan haɗari saboda bakunansa a buɗe suke. Haka kuma kada a kai yara kududdufi ko madatsar ruwa. Baho a farfajiyar makaranta ya wadatar, ashana kuma ta zauna a hannun malami.

6.0 Abin da Malamin Hausa Zai Tsinta

Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai aikin malamin kimiyya ne. To, amma a saurari abin da yara ke faɗa a bakin baho. Ɗaya zai ce, "Liƙa masa gam." Wani ya ce, "Liƙe ƙofar duka." Bayan gwaji a ji an ce, "Yanzu kam ya liƙu." Saiwa ɗaya ce, amma ma'ana uku. A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, "liƙa" aji na ɗaya ne, "liƙe" aji na huɗu mai nuna game aiki baki ɗaya, "liƙu" kuma aji na bakwai mai nuna aikin ya yiwu yadda ake so. Haka "ɗaura, ɗaure, ɗauru". Matakin kammalawa cike yake da aji na huɗu da na bakwai: a toshe, ya tosu, a gyare, ya gyaru. Ɗalibai da yawa kan haddace waɗannan azuzuwa don jarrabawa su manta, alhali ga yaro ɗan aji huɗu yana amfani da su daidai ba tare da ya san sunansu ba. Aikin malami shi ne ya rubuta jimlolin yaran a allo yadda suka faɗe su, ya bar su su gano bambancin.

Kalmomin ƙarshen aiki su ma ba ɗaya ba ne. Ana iya gama jirgi ba a kammala shi ba, domin "kammala", wadda aka aro daga Larabci, tana ɗauke da ma'anar cika ba tare da giɓi ba. "Ƙarasa" na nufin cike ragowar abin da aka faro, kuma a bakin Katsinawa za a ji "ida" a wannan gurbi. Kada malami ya ce wa yaro "ida" kuskure ce. Karin harshe ne, sai a nuna masa takwararta a daidaitacciyar Hausa. "Ƙare" kuwa tana da fuska biyu, don idan aka ce kyandir ya ƙare, ba yabo ba ne.

Sai amsa-kama, wadda ke zubowa ba a nema ba: jirgi ya nutse tsundum, takarda ta jiƙe sharkaf, inji ya tsaya cak, jirgi ya zauna daram. Daga nan kuma a wuce ga insha'in bayani, inda tsarin aikin kansa zai tilasta wa yaro amfani da "da farko", "bayan haka", "kafin", "sai idan". Yaron da ya sa fenti kafin gwajin yoyo ya ga abin da ya biyo baya, ba zai sake rikita "kafin" da "bayan" a rubutunsa ba.

7.0 Aikin Yi

1. Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa jirgi ɗaya ya gwada shi a baho. Mutum ɗaya ya rubuta duk abin da 'yan rukunin suka faɗa lokacin gwajin, sannan a fitar da aikatau na aji na huɗu da na bakwai daga ciki.

2. Ziyarci mai liƙin gwangwani a kasuwar garinku, ka tattaro sunayen kayan aikinsa, ka rarrabe na asali da na aro.

3. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan bambancin "gama" da "ƙarasa" da "kammala", ka nuna a inda jirgin zai shigo, da kuma wanda zai riƙe ashana.