Lissafin Rumbu: Tarawa da Ɗebewar Kashi

Ƴan uwa manoma, kaka ta yi. Daga Tasawa har Mayahi hatsi ya shiga rumbu. Tambayar da ke gabanmu ita ce: cimakar nan za ta kai mu wata kaka? Ba mu manta da shekarar 2005 ba. Damanar 2004 ta yi ƙarancin ruwa, fara ta yi ɓarna, hatsi ya yi tsada, yara da yawa suka yi tamowa a jihar Maradi. Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, amma lissafin rumbu yana hannunmu.

Mene ne kashi?

In muka raba abu guda gida goma daidai wa daida, kowane gida kashi ɗaya ne cikin goma. Muna rubuta shi 1/10, mu karanta "ɗaya bisa goma". Shi ne malamai ke kira ushiri. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin. Lambar sama tana faɗin kashi nawa muka ɗauka.

Ga ƙa'idar: in lambobin ƙasa iri ɗaya ne, na sama kawai muke tarawa ko ɗebewa. Ta ƙasa ba a taɓa ta.

Tarawa

Mu ɗauka wani magidanci a Korgom ya samu dami 100 na gero. Ya kasa su gida goma, kowane kashi dami 10.

Gonarsa ruwan sama ya shayar da ita, amfanin kuma ya kai nisabi, don haka zakkarsa 1/10 ce. Ya ware 1/10 don iri da ihisani ga dangi. Ya biya bashin da ya ci da damana da 2/10.

1/10 + 1/10 + 2/10 = 4/10

A azuzuwanmu na yaƙi da jahilci mun sha ganin ɗalibi ya rubuta 4/30, domin ya tara har da lambobin ƙasa. Kuskure ne. Gida goma aka kasa geron, bai zama gida talatin ba.

Ɗebewa

Geron gaba ɗaya shi ne 10/10. Mu ɗebe abin da ya fita.

10/10 − 4/10 = 6/10

Saura kashi shida, wato dami 60. Wannan shi ne abincin gidan na shekara.

Wata goma sha biyu

Yanzu mu sake kasa dami 60 ɗin nan gida 12, kowane wata da kashinsa, dami 5. Daga Oktoba zuwa Janairu iyali sun ci 4/12. Sai bikin aure ya taso, maigida ya kai 3/12 kasuwa.

4/12 + 3/12 = 7/12
12/12 − 7/12 = 5/12

Saura abincin wata biyar: Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu da Yuni. Ke nan rumbu zai ƙare ana tsakiyar noma. Yuli, Agusta da Satumba ba kome, kuma a lokacin ne tiyar gero ta fi tsada. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomi mai yunwa ya kan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. A watannin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara, yaron da bai ƙoshi ba kuwa ciwo ya fi saurin kayar da shi.

Da maigidan nan ya yi lissafi tun kafin ya buɗe rumbu, da ya rage hidimar bikin, ko ya sayar da akuya maimakon gero.

A lura

Kashin farko dami 10 ne, na biyu dami 5 ne. Girmansu ba ɗaya ba. Saboda haka ba ma tara 1/10 da 1/12 ta wannan hanya. Wancan darasi ne na gaba.

Aikin gida

1. Wata mata a Kanambakashe ta raba gamanarta gida takwas. Ta shuka gujiya a 3/8, wake a 2/8. Kashi nawa ta shuka? Kashi nawa ya rage?

2. Yaro ɗan shekara biyar yana zawo. Uwarsa ta dama ƙunshin gishiri da sukari na likita a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ya sha 1/4 da safe, 2/4 da rana. Nawa ya sha? Nawa ya rage? Mu tuna, abin da ya kwana ya wuni zubarwa ake yi a dama sabo, in zawon bai tsaya ba kuma a kai yaro likita.

3. Kowa ya ƙirga damin da ke rumbunsa, ya kasa shi gida 12 a takarda, tare da uwargida, domin ita ta san abin da tukunya ke ci.

A kawo amsoshi wurin malamin aji. Allah ya sa wa abin da muka noma albarka, amin.