Darasi na Tara: Kula da Motar Gudu Ƙirar Japan da Yi Mata Kwaskwarima (Misali daga Nissan Skyline GT-R)

1.0 Gabatarwa

A wurin mafi yawan jama'a, mota abin hawa ce kawai, wadda za ta kai mutum inda ya nufa ta kuma dawo da shi gida. Sai dai akwai wasu mutane, a ƙasar Japan da sauran sassan duniya, waɗanda motar ita kanta ce abin sha'awarsu. Sukan ɓatar da ranakun hutunsu da wani kaso na samunsu wajen kwance ta da ɗaura ta, kamar yadda mai dokin ƙawa yake ɗawainiya da dokinsa ba don ya rasa abin hawa ba. Wannan darasi zai dubi irin wannan sha'awa ta hanyar nazarin mota guda ɗaya, wato Nissan Skyline GT-R samfurin R32. Abin da darasin yake son tabbatarwa shi ne, mota jiki guda ce, duk wanda ya ƙara wa wata gaɓa tata ƙarfi, to ya ɗora wa sauran gaɓoɓin kaya.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

i. Bambance gyara da kulawa da kwaskwarima.
ii. Bayyana dalilin da ya sa motocin gudu na Japan suka karɓu ga masu wannan sha'awa.
iii. Bayyana yadda sauyi ɗaya a inji yake jawo wasu sauye-sauye.
iv. Kawo matsayin doka game da sauya fasalin mota.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A maganar yau da kullum, Bahaushe yakan tattara duk aikin da bakanike ya yi wa mota ya kira shi gyara. Amma domin a fahimci wannan darasi, ya kamata a rarrabe abubuwa uku. Gyara shi ne maido da abin da ya lalace yadda yake a da. Kulawa ita ce aikin da ake yi kafin lalacewar ta auku, kamar juyen baƙin mai da sauya matatar iska. Kwaskwarima kuwa ita ce sauya abin da lafiyarsa ƙalau domin a sami abin da masana'anta ba ta bayar ba, ko dai ƙarin ƙarfi, ko ƙarin riƙon hanya, ko kyan gani. Ita kuma motar gudu, mota ce da aka ƙera domin sauri da iya shan kwana, amma tana da izinin hawa titi, saɓanin motar tsere wadda ba ta fita daga filin gasa.

3.2 Asalin Motar

Kamfanin Nissan ya fito da Skyline GT-R samfurin R32 a shekarar 1989, ya ci gaba da ƙera ta har zuwa 1994, inda aka yi kusan guda dubu 44. Tun daga farko an tsara ta ne domin ta ci gasar tseren motoci ta rukunin da ake kira Rukunin A. Dokar wannan rukuni ta wajabta wa kamfani ya ƙera aƙalla mota 5,000 ta sayarwa ga jama'a kafin a yarda irinta ta shiga gasa. Saboda haka, abin da mai saye ya samu a hannunsa ƙashin bayan motar tsere ne da aka sassauta masa ƙarfi.

Injin motar, mai suna RB26DETT, yana da silinda shida a jere da turbo guda biyu, kuma faɗin cikinsa sisi 2,568 ne. Wannan adadi ba a banza aka zaɓe shi ba. A dokar gasar, akan ninka faɗin cikin inji mai turbo da 1.7, wanda ya ba da kimanin 4,366, ya bar motar a ƙarƙashin ajin 4,500. An yi gangar jikin injin da zubin baƙin ƙarfe mai jure matsi, aka kuma haɗa motar da tsarin da yake tura ƙarfi zuwa tayoyin gaba idan na baya suka fara sulɓi. Sakamakon haka, daga 1990 zuwa 1993 motar ta shiga tsere 29 a gasar Japan, ta cinye su duka. Ta kuma lashe tseren Bathurst na ƙasar Ostireliya a 1991 da 1992. 'Yan jaridar can ne suka laƙaba mata suna Godzilla, wato dodon nan na finafinan Japan.

Akwai wani dalili kuma da ya ƙarfafa sha'awar yi mata kwaskwarima. Daga 1989 zuwa 2004, kamfanonin motoci na Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata motar gida da ta wuce ƙarfin dawaki 280 ba, kuma ana sanya wa motocin takunkumin da yake hana su wuce gudun kilomita 180 a sa'a. To amma injin da aka rubuta masa 280 a takarda, danginsa na filin gasa suna ba da sama da 500. Wannan tazara ita ce ta ja hankalin masu sha'awa, ta kuma ciyar da kamfanonin ƙera kayan kwaskwarima irin su HKS, wanda aka kafa a 1973. Kowane watan Janairu akan yi baje kolin irin waɗannan motoci mai suna Tokyo Auto Salon, wanda ya samo asali a 1983.

3.3 Yadda Sauyi Ɗaya Yake Jawo Wani

Injin fetur yana samar da ƙarfi ne ta hanyar ƙona cakuɗar iska da mai a cikin silinda. Domin man ya ƙone sarai, ana buƙatar iska mai nauyin kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na fetur. Ke nan mai neman ƙarin ƙarfi dole ya fara neman ƙarin iska. Aikin turbo ke nan: hayaƙin da yake fita daga inji yana juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da take dannar iska zuwa cikin silinda. Ƙara wannan matsi abu ne mai sauƙi da araha, shi ya sa sabon shiga yakan fara da shi. Daga nan ne kuma matsaloli suke soma bin juna.

Na farko, farfelar turbo ta asali a wannan mota da wani irin tangaran aka yi ta, domin ta yi sauƙin juyawa. Idan matsi ya wuce kima sai ta farfashe. Don haka mai ƙara matsi sai ya sauya ta da ta ƙarfe. Na biyu, ƙarin iska yana buƙatar ƙarin mai. Idan famfon mai da nozul ba za su iya kawo isasshe ba, cakuɗar takan yi ƙarancin mai, zafi ya hau, har kan fistin ya narke. Na uku, iskar da aka danne takan yi zafi, zafin kuma yana sa wani ɓangare na man ya fashe da kansa ba bisa tsari ba. Wannan shi ne ƙwanƙwasar da ake ji a inji, kuma tana karya ringi da fistin. Maganinta shi ne babbar na'urar sanyaya iska, da fetur mai inganci, da sake saita kwamfutar da take ƙayyade mai da lokacin tartsatsin fulogi. Na huɗu, mafi yawan makamashin fetur zafi yake zama ba tafiya ba, saboda haka ƙarin ƙarfi yana nufin ƙarin aiki ga lagireto.

Ko an gama da inji, ba a gama da mota ba. Kulocin da aka yi domin dawaki 280 zai riƙa sulɓi idan aka ɗora masa 450. Birki kuwa shi ne ya fi kowa shan wahala, domin aikin tsayar da mota yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Motar da take gudun kilomita 180 a sa'a tana buƙatar birki ya shanye ninki huɗu na abin da zai shanye a gudun 90, ba ninki biyu ba. Dukkan wannan kuma yana ƙarewa ne a kan tayoyi huɗu, waɗanda abin da kowace take taɓawa na kwalta bai fi tafin hannu ba sosai. Wannan ne ya sa ƙwararru suke bin tsari: taya da birki tukuna, sannan shakazoba da sanyaya, ƙarin ƙarfi ya zo daga ƙarshe. Wanda ya juya wannan tsari, shi ne ya yi gyaran gangar Auzinawa.

3.4 Kulawa Kafin Kwaskwarima

Mafi ƙuruciya a cikin motocin R32 ta haura shekara 30. Saboda haka aikin farko na mai ita shi ne ya maido da ita lafiyarta ta asali, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai:

a. Baƙin mai. Turbo tana juyawa fiye da sau dubu 100 a minti, kuma baƙin man inji ne yake shafe ta. Dole a yawaita juye, a kuma bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye bayan gudu mai tsanani kafin a kashe shi, don kada man ya ƙone a cikinta.

b. Bel ɗin saita bawul. Ana sauya shi a kilomita dubu 100, ko kafin haka idan ya daɗe, domin roba tana tsufa ko da mota tana ajiye. Idan ya tsinke inji yana aiki, fistin zai daki bawul, injin ya lalace nan take.

c. Famfon baƙin mai. A injinan farko-farko, wurin da ƙarfen inji yake kama famfon siriri ne, yakan cinye idan ana yawan kai injin ƙarshen juyawarsa. Masu sake ɗaura inji sukan faɗaɗa wannan wuri.

d. Man birki. Yana tsotsar danshi daga iska, danshin kuma yana sa ya tafasa da wuri, birki ya ƙi kamawa. Akan sauya shi duk shekara biyu.

e. Tsatsa da tiyo da wayoyi. Waɗannan su ne cututtukan tsufa, kuma ba sa nuna kansu sai an leƙa ƙarƙashin mota.

Babbar matsalar mai tsohuwar mota ita ce ƙarancin kayan gyara. A 2017 sashen Nissan mai suna NISMO ya koma ƙera wasu kayan R32 da aka daina yi, kuma Mazda da Toyota sun ɗauki irin wannan mataki ga wasu tsofaffin motocinsu na gudu. Mai sha'awa na gaskiya kuma yakan ajiye littafin da yake rubuta ranar kowane aiki da adadin kilomita, yana kuma sauya abu ɗaya a lokaci guda, domin in matsala ta taso ya san tushenta.

3.5 Doka da Haƙƙin Jama'a

A Japan, motar gida takan je binciken hukuma mai suna shaken bayan shekara uku da saye, sannan duk bayan shekara biyu. Ana auna birki da fitilu da hayaƙi da sauran ƙa'idoji. A 1995 gwamnati ta sassauta dokar sanya kayan da ba na masana'anta ba, abin da ya bunƙasa kasuwar kwaskwarima. Amma daga 2003 sauyin da ya saɓa wa ƙa'idar tsaro ya zama laifi da kansa, mai hukuncin ɗauri har wata shida ko tarar da ta kai yen dubu 300. Haka kuma harajin motar fetur yana ƙaruwa idan ta wuce shekara 13. A Amurka kuwa, doka ta sassauta shigo da motar da ta cika shekara 25, don haka R32 ta sami shiga a 2014, farashinta kuma ya tashi. Ya kamata a lura cewa sitiyarin wannan mota a dama yake, alhali Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya tun 1972, kuma dokokin hanyarta ba su amince da mota mai irin wannan sitiyari ba.

Hikimar waɗannan dokoki a bayyane take. Mai mota yana da ikon kashe dukiyarsa a kan abin da yake so, amma titi na kowa ne. Wurin gwada gudu shi ne filin tsere, kamar Tsukuba da Fuji da Suzuka, inda ake ware ranaku domin masu sha'awa. Wanda ya mai da titin gari filin gwaji, ba ransa kaɗai ya sa a caca ba.

4.0 Kammalawa

An ga yadda motar da aka ƙera domin gasa ta zama abin sha'awar dubban mutane, da yadda neman ƙarin ƙarfi yake jawo sauyin turbo da mai da sanyaya da kuloci da birki. An kuma ga cewa kulawa ita ce tushe, kwaskwarima reshe ce. Ba yawan dawaki ne ma'aunin gwaninta a wannan fage ba, sai dai daidaito tsakanin gaɓoɓin mota, da sanin inda ya kamata a tsaya, don kada garin gyaran gira a rasa ido.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambance gyara da kulawa da kwaskwarima, tare da misali ɗaya ga kowanne.
2. Me ya sa aka tsayar da faɗin cikin injin RB26DETT a kan sisi 2,568?
3. Bi sawun abubuwan da suke faruwa idan aka ƙara matsin turbo ba tare da ƙara mai ba.
4. Idan gudun mota ya ninka sau uku, sau nawa aikin birki zai ninka? Kawo dalili.
5. Fitar da kalmomin aro guda goma daga cikin darasin, ka nuna sauyin da aka yi musu domin su dace da tsarin gaɓar Hausa.

6.0 Jinga

Ziyarci garejin kanikawa mafi kusa da kai, ka tattaro sunayen sassan mota guda ashirin kamar yadda suke furta su. Daga nan ka rubuta bayanin da bai wuce shafi biyu ba a kan aikin sassa uku daga ciki, cikin harshen da ɗalibin ƙaramar sakandare zai fahimta.