Yadda ake bitar kod mai jera sabobin kundi bisa fifiko da domen

A ma'aikatar da ke da kwamfutoci da yawa, sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu suna zaune ne a kundi guda, irin Active Directory na Microsoft ko OpenLDAP. Akan ajiye kundin a kan saba biyu ko fiye, domin idan ɗaya ta faɗi wata ta ɗauka. Kafin kwamfuta ta bari ka shiga, sai ta tambayi DNS sabobin da ke akwai, ta jera su, ta fara tuntuɓar ta kan gaba. Kod ɗin da ke yin wannan jeri gajere ne, kuma kuskurensa ba ya ihu. Shiga ce kawai za ta yi nauyi, ko saba ɗaya ta sha lodi sauran suna hutawa. Ga yadda ake bitarsa.

Mataki na 1: Rubuta ƙa'idar kafin ka buɗe kod. Ƙa'idar tana cikin RFC 2782, takardar da ta fito a shekarar 2000. Kowane bayanin SRV da DNS ke bayarwa game da saba yana ɗauke da abu huɗu: fifiko, nauyi, lambar ƙofa da sunan saba. Sabobin Active Directory kan yi rajista da fifiko 0, nauyi 100, ƙofa 389. Ƙaramar lamba ce ke kan gaba a fifiko. Takardar ba ta yi maganar haɗa sabobin domen daban-daban ba, don haka ka tambayi marubucin kod ɗin: domen namu ne farko sannan fifiko, ko akasin haka? Amsar ta zauna a rubuce a saman aikin.

Mataki na 2: Karanta aikin kwatanci layi-layi. Duba alkibla tukuna, domin mutane da yawa suna ɗauka babbar lamba ce mai fifiko. Sannan ka duba ko an mayar da fifikon lamba, don in an bar shi a matsayin rubutu, 10 za ta riga 9. Fifiko yana tsakanin 0 da 65535. Idan marubucin ya cire wani fifiko daga wani, ya zuba sakamakon a ma'ajin da ba ya karɓar lambar ƙasa da sifili, jerin ya birkice. Kwatancin kuma kada ya yi tufka da warwara: in A ta riga B, B ta riga C, dole A ta riga C. Tun daga Java 7, kwatancin da ya saɓa wannan yana iya tsayar da manhaja.

Mataki na 3: Bi sunayen domen da kyau. DNS ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, saboda haka Example.com da example.com abu ɗaya ne. Sunan da ya fito daga DNS kan zo da ɗigo a ƙarshe, wanda aka rubuta a fayil ɗin saiti kuwa sau da yawa babu. Mafi haɗari shi ne gwada ƙarshen suna kawai: badexample.com ya ƙare da example.com, alhali domen wani ne dabam, kuma kalmar sirri ake shirin miƙa masa. Dole a nemi ɗigo kafin sunan. A kuma ƙanƙanta haruffa ba tare da bin harshen kwamfutar ba, domin a saitin Turkanci babban I ba ya komawa i.

Mataki na 4: Tsaya a kan nauyi, nan aka fi zamewa. Nauyi ba ma'aunin jeri ba ne, rabon ƙuri'a ne tsakanin sabobi masu fifiko ɗaya. A ce uku ne, masu nauyi 60, 30 da 10. Ya kamata ta farko ta fito kan gaba kusan sau shida cikin goma, ta uku kusan sau ɗaya. Kod ɗin da ya jera su daga babba zuwa ƙarami zai tura kowace kwamfuta wurin ta 60 kullum. Mai nauyi 0 ma tana da ɗan rabo, ba a jefar da ita. Idan kuwa sunan sabar ɗigo ne kaɗai, ma'anarsa babu wannan hidima a domen ɗin.

Mataki na 5: Duba kunnen doki da maimaici. Jerin Python yana barin abubuwa masu daraja ɗaya yadda suka zo, amma qsort na C bai yi wannan alkawari ba. Saba ɗaya kuma tana iya fitowa sau biyu, daga DNS da kuma daga fayil ɗin saiti, har a ɓata lokaci ana jiran matacciya sau biyu.

Mataki na 6: Nemi gwaji. A gwada jeri marar komai, saba ɗaya tak, fifiko 9 da 10, gaurayen haruffa, da yanayin da duk nauyi 0 ne, inda raba lamba da sifili kan faɗo. Don gwada ƙuri'ar, a maimaita zaɓen sau dubbai a ƙirga rabon. Umarnin dig SRV _ldap._tcp tare da sunan domen zai nuna maka ainihin bayanan da kod ɗin zai tarar.

Mataki na 7: Rubuta sharhi mai amfani. Kada ka tsaya a “wannan ba daidai ba ne”. Kawo sabobi uku da lambobinsu, ka nuna jerin da kod ya bayar da wanda ƙa'ida ta ce. Ka ware abin da dole a gyara kafin a haɗa kod ɗin, wato alkiblar fifiko, gwajin domen da nauyi, daga shawarar salo da za ta iya jira.