Yadda ɗan jami'a yake bin sawun waɗanda suka riga shi

Ƴan'uwa masu karatu, kun sha ganin ƴan jami'a suna zuwa garuruwanmu na Madawa, Buza da Keita. Suna riƙe da littafi da alƙalami, suna ta yi muku tambayoyi kan gona, ruwa da itace. To, kafin su zo wurinku akwai aikin da suke fara yi. Ana ce masa bitar ayyukan da suka gabata.

Mai son gina rijiya ba ya kama haƙa haka nan. Sai ya tambayi tsofaffi: ina aka taɓa ginawa? Gaba nawa aka yi kafin a tarar da ruwa? Ina aka ci karo da dutse? In bai tambaya ba, ya yi asarar ƙarfinsa da kuɗinsa. Haka ɗalibi yake. Matambayi ba ya ɓata.

Ga misali. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka fara dasa dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza. An jera itatuwan layi biyu-biyu don su tare iska. A 1984 kuma aka fara babban aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. An yi shingen duwatsu, an tare ruwa, an dasa itace. Mata ne suka fi yawa cikin masu aikin. An rubuta rahotanni da yawa kan waɗannan ayyuka.

A ce wani ɗalibi na jami'ar Yamai ko ta Tawa yana son ya san amfanin itatuwan Majiya. Ga abin da zai yi.

Na farko, ya tsai da tambaya guda: shin itatuwan nan suna ƙara yawan hatsi?

Na biyu, ya nemo abin da aka rubuta: littattafai, rahotannin ma'aikatan gona, kundayen ɗaliban da suka riga shi. Wasu suna ɗakin karatu, wasu suna intanet.

Na uku, ya karanta a tsanake. Kowace takarda ya rubuta sunan mai ita, da shekarar, da wurin da aka yi awo. Awon shekarar fari daban yake da na shekarar da damina ta yi kyau.

Na huɗu, ya gwama maganganun. Masu bincike sun tarar hatsi ya fi yi a gonakin da itace ya kāre. Amma adadin da suka bayar ba ɗaya ba ne. Wasu kuma sun lura inuwa da saiwa suna rage amfani kusa da layin. Ɗalibi ba ya ɗaukar wadda ta yi masa daɗi ya ɓoye sauran. Duka zai kawo, ya faɗi dalilin saɓanin.

Na biyar, ya nuna abin da ba a bincika ba tukuna. Nan ne nasa aikin zai fara.

In ya ɗauki maganar wani, dole ya faɗi mai ita. In ya mai da ita tasa, sata ce, kuma malamansa za su ƙi aikin.

Ba takarda kaɗai ake bi ba. Malam Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa, ya fitar da littafin tarihin Adar a 1975. Ya karanta rubuce-rubuce, ya kuma saurari tsofaffi. Ke nan abin da kuka sani ilimi ne. In ɗalibi ya zo, ku gaya masa abin da kuka gani da idonku, kada ku ƙara gishiri. Abin da kuka faɗa yau, wani zai karanta shi gobe, a yi aiki da shi a gonakinku.

Ku ma ku gwada. Kafin ku sayi sabon irin albasa, ku tambayi mutum uku da suka shuka shi. Ku rubuta abin da kowa ya ce, ku gwama.

Tambayoyi:
1. Me ya sa ɗalibi yake rubuta shekarar da aka yi awo?
2. In masu bincike biyu suka saɓa, me zai yi?
3. Wane aiki aka taɓa yi a garinku da ya kamata a rubuta labarinsa?