Yadda Ake Ƙirga Raƙuman Dawa da Hoto

A shekarar 1996 raƙuman dawan da suka rage a Jamhuriyar Nijar ba su wuce 50 ba, kusan dukkansu a yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai. Bayan shekara ashirin da ɗoriya sun haura 600. Ana iya amincewa da wannan lissafi ne saboda kowane raƙumi yana da shafinsa a kundin hotuna, dabarar da Michael Bigg ya yi fice da ita a Kanada a farkon shekarun 1970, lokacin da ya nuna ana iya bambanta manyan dabbobin tekun nan da ake kira orka ta siffar ƙayar bayansu da tabon da ke gindinta.

Aikin yakan kama da damina, sa'ad da raƙuman ke taruwa a tudun Kure. Mai hoto zai matsa a hankali cikin mota tare da ɗan jagora daga ƙauyukan yankin, ya jira dabbar ta ba shi gefe. Sai ya ɗauki gefen dama, ya zagaya ya ɗauki na hagu, domin dabbare-dabbaren gefe ɗaya ba ya kama da na ɗayan, kuma wanda ya yi sakaci a nan zai ƙirga raƙumi guda sau biyu. Daga nan a rubuta wuri da rana, a duba ƙaho: na namiji mai kauri ne da sanƙo a sama, na mace siriri da tukkun gashi. In jariri ne, a rubuta uwar da yake tsotsa. Da an koma masauki sai a gwada hotunan da na kundi, musamman zanen wuya da ƙirji. Wanda babu shi a buɗe masa sabon shafi.

Wani zai ce wannan wahala ce, a hau jirgi a ƙirga daga sama mana. Ƙirgan sama yana ba da jimla kawai, ba ya faɗin wace ta haihu, wane ya ɓace. Wani kuma zai ce zanen ai duk iri ɗaya ne, alhali makiyayi ba ya rikita shanunsa. Launi yakan yi duhu da tsufa, amma tsarin zanen yana nan tun haihuwa. Shi ya sa raƙuma takwas da aka kwashe zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018 ana iya bin sawun kowannensu, a kuma san 'ya'yan da suka haifa a can.