Abubuwan Da Za Ka Duba Kafin Ka Sayi Na'urar CNC Ta Hannu

Idan wayar da ke hannunka mai jikin alminiyam ce, akwai yiwuwar na'urar CNC ce ta sassaƙa gefenta. Tun 2008 kamfanin Apple ya fara fito da MacBook da aka sassaƙe jikinta daga dunƙulen alminiyam guda, kuma masana'antun waya a China sun dogara sosai da ƙananan injina irin Robodrill na kamfanin Fanuc. Yau darasinmu a kan wannan na'ura ne, musamman ga matashin da ya koyi zane a kwamfuta yake son buɗe shagon ƙera kayan gyara, amma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsa.

Mece ce na'urar CNC?

Inji ne da kwamfuta ke tuƙawa. Kai za ka zana abin da kake so a manhaja irin Fusion ko Mastercam, manhajar ta mayar da zanen zuwa jerin umarni da ake kira G-code, injin kuma ya riƙa bi layi-layi yana cin ƙarfen har siffar ta fito. An nuna magabacinta, injin da ake tuƙawa da lambobi (NC), a jami'ar MIT ta Amurka a 1952. Ta hannu tana da araha, amma idan ka yi sake, kuɗin gyara zai iya kai kuɗin sayen. Ga inda za ka sa ido.

1. Kada ka biya kuɗin injin da ba ka ga yana aiki ba

Hoto ba shaida ba ne. Ka nemi mai sayarwa ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp, ya kunna injin a gabanka, ya nuna maka allon da ke ɗauke da lambar injin da shekarar da aka ƙera shi. Ka ce ya buɗe shafin tarihin ƙararrawa, inda injin ke ajiye kurakuran baya-bayan nan da ya buga, da shafin awanni. Awannin da injin ya yi a kunne daban, awannin da ya yi yana yanka daban, na biyun ne ke nuna wahalar da ya sha. Idan aka ce maka an riga an cire wuta, ba za a iya gwadawa ba, to ka saye shi a farashin mai matsala ko ka haƙura.

2. Sifindil

Sifindil shi ne sandar da ke juya wuƙar yanka, kuma gyaransa na cikin mafi tsada. A bar shi ya yi gudu mai ƙarfi na kusan minti 20. Ka saurara: ƙara mai kama da niƙa ko fito na nuna boris ɗinsa ya ci. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma zafin da hannu ba zai iya jurewa ba matsala ce. Ka haska tocilar wayarka cikin ramin da wuƙar ke shiga. Tsatsa, ƙarzuwa ko lotsewa na nufin an taɓa buga shi da ƙarfi. Ka kuma tambayi nau'in ramin, BT30 ne, BT40 ko CAT40, domin maƙalan wuƙa na BT40 ba sa zama daidai a injin CAT40.

3. Wasa a dogon sukuru

Teburin injin yana tafiya ne ta hanyar dogayen sukurori masu ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki. Idan suka ci, sai a samu wasa: kwamfuta ta ce tebur ya koma baya, amma ya ɗan tsaya kafin ya motsa. Ana gane wannan da agogon awo. A ɗora bakinsa a jikin tebur, a tura gaba da milimita 0.01 sau kaɗan, sannan a dawo baya a ga ko allurar ta amsa nan take. A gwada tsakiyar tebur da gefe-gefe, domin tsakiya ce ta fi cinyewa. Gwaji mafi sauƙi shi ne a yanka da'ira a alminiyam. Idan akwai wasa, za ka ga tabo a wurare huɗu da injin ke sauya alƙibla. Ka leƙa kuma ko mai yana isa layukan da tebur ke zamewa a kai. Busasshen layi alama ce ta rashin kula.

4. Ƙwaƙwalwar injin

Nan ne da yawa ke faɗawa rami. Ka zaɓi inji mai ƙwaƙwalwar da aka sani, kamar Fanuc, Siemens, Heidenhain ko Haas, saboda kayan gyara da masu gyara. Tsofaffin injina suna riƙe saitinsu ne da ɗan ƙaramin batir. Idan ya mutu injin yana kashe, saitin zai iya gogewa gaba ɗaya, ka wayi gari da tan uku na ƙarfe da ba ya motsi. Don haka ka dage a kwafe maka saitin a filashi ko a takarda kafin a cire wuta, a kuma sa sabon batir. Ka duba yadda ake shigar da G-code: ta USB, ta kati, ko ta tsohuwar wayar RS-232 da kwamfutocin yanzu ba su da raminta sai da mahaɗi.

5. Wuta, iska da ɗauka

Yawancin waɗannan injina suna buƙatar wuta mai layi uku. A Najeriya tana zuwa ne a kusan bolt 400 da 50Hz, alhali da yawa daga injinan Amurka an yi su ne don bolt 208 zuwa 240, wato sai da taransifoma. Wutar da ke hawa da sauka tana ƙona allunan lantarki, saboda haka ka sa sitabilaiza da janareta mai ƙarfi a lissafinka. Ana kuma buƙatar kwamfiresa mai ba da busasshiyar iska don sauya wuƙa. Ga nauyi: Haas VF-2, wadda ba ta cikin manya, ta haura tan uku, don haka sai da daɓen kankare mai kauri da kiren. Idan daga waje za ka shigo da ita, ƙara kuɗin jirgin ruwa, Form M, kwastan, da motar da za ta ɗauko ta daga Apapa zuwa garinku.

Shawara ta ƙarshe: ka tafi da injiniyan da ya taɓa aiki da irin injin, ko ka biya wani a can ya duba maka. Sannan ka ware kuɗin gyara da na wuƙaƙe daban, kada ka zuba komai a kan saye. A darasi na gaba za mu duba yadda ake karanta G-code layi-layi, in Allah ya yarda.